Wayar As

Ƙwai uku na ƙona a wata guda.
Na zagi batir, na zagi mai shago,
na iso Ƙofar Sauri ina tura babur,
tocilan a baki.

Rabe bai ko dubi ƙwan ba.
Ya bi waya da yatsa
kamar mai lalubar ƙaya a ƙafar yaro,
sai ga tsatsa ta cinye gindin as.

Ya kankare, ya naɗa salatif.
Haske ya fashe a katanga,
tsaka biyu suka daskare.

Na ce ɗaga ta, Kaita zan kwana.
Ya danne kan fitilar ƙasa:
"Rami za ka haska,
ba idon mai tahowa ba."