Takardar Sallama

Mun baro asibiti da ledar magani,
ni da Kuluwa, da takarda mai shafi tara.
Yayyafin Bradford bai san gajiya ba.
A tasha ta jingina da kafaɗata,
ta ce, "Me suka ce?"
Na ce, "Bari mu isa gida."

Shekara sha ɗaya ina tuƙa bas a garin nan.
Na san Turancin mashayi, na san na ɗan sanda,
na san na tsohuwar da ta wuce layinsu.
Amma wannan Turanci ya sha babbar riga,
ya wuce ni a tsaye, ko sannu babu.
Kowace kalma sandar rake ce,
ka tsotsa, ka tsotsa, gaɓa ce zalla.

"In alamu sun tsananta, a nemi kulawar da ta dace."
Wace alama? Ƙofar wa zan buga?
In dare ya raba fa, likita na barci?
Na karanta sau uku, shayina ya huce.
Kunya ta hana ni cewa ban gane ba.

Abu ɗaya na kama: sau biyu a rana.
Na ce, "Sauƙi! Sha da asuba, sha da magariba."
Ta sha. Muka yi ta sha, ni da ƙirga, ita da haɗiya.

Ranar komawa, wata nas, Moira,
mai tabon ƙuna a bayan hannu,
ba ta ce "Kun gane?" ba,
don ta san kai na gyaɗuwa ko ciki fayau.
Ta ce, "Ku faɗa mini yadda kuke yi a gida,
in ji ko ni ce ban iya bayani ba."

Na faɗa, har da ɗan taƙama.
Ta ce, "Magariba ƙarfe nawa?"
Na buɗe baki, na rufe.
A Disamba huɗu ba ta cika ba rana ta faɗi,
a Yuni sai tara da rabi tana jan ƙafa.
Ranar ƙasar nan ba ta riƙe alkawari,
ni kuwa na ɗaura mata jinin matata.

Ba ta yi dariya ba. Ta juya ambulan,
ta rubuta takwas, ta sake rubuta takwas,
safe da dare, da biro mai tsallen tawada.
"In hanci ya ɓalle ya ƙi tsayawa,
in bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta,
in ta faɗi ta bugu a ka, ko ta ce ba komai,
ga lamba. Kira. Kar ka jira gari ya waye."
Layi biyar. Shafi tara suka sunkuya.

Daga baya suka gayyace mu, mu bakwai,
wani ɗaki a saman laburare:
mai jinyar uwa, kurma da tafintarsa,
wani dattijo da tabarau biyu a wuya.
Aka ba ni jan biro, aka ce, "Soke abin da bai shige ka ba."
Ni da ban taɓa gyara wa likita zama ba!
Na soke. Hannuna na rawa, na ƙara sokewa.
Wani likita ya ce, "Wannan kalmar tana da amfani."
Dattijon ya ce, "A wurin wa?"

Ambulan ɗin na nan a ƙofar firji,
maiƙo ya taɓa gefensa.
Jiya ina kan hanya, takwas ta buga,
na tsaya a danja, zuciyata na gida.
Saƙo ya shigo, sai a tasha na duba:
"Na sha. Ka daina damuna.
Ka taho da burodi."