Ƙananan Baƙaƙe

Baba ya dawo daga Birnin Kebbi da la'asar sakaliya,
bai ko cire takalmi ba ya miƙo mini takarda shafi tara.
"Kulu, ke kika yi boko.
Karanta mini abin da na saya da kuɗin albasa buhu guda."

Inshorar tafiya, in ji mai nema masa biza.
Ya ce masa: riƙe ta, Alhaji, ƙasar wani ba gida ba ce.

Muka zauna a gindin rudu,
inda albasar bara ke jiran farashi ya tashi,
duk Aliero tana warin abin da take ci da shi.
Na fara da manyan baƙaƙe, masu fara'a kamar dillali.

In jakarka ta ɓace tsakanin Kano da Alƙahira za su biya,
muddin ka adana ɗan guntun da aka manna a tikiti.
Baba ya yi dariya.
"Jakar da ba komai ciki sai riga biyu da yajin uwarki?"

In jirgi ya ƙi tashi har ka kwana a kujera,
akwai kuɗin tuwo da na ɗaki.
In santsi ya kwashe ka a matakala ka karye,
su ne da asibiti, amma ka kira su tukuna,
ka tara rasit kamar mai tara iri.
Ya gyaɗa kai. "Waɗannan mutane sun san santsi."

Sai na iso shafi na shida.
Nan rubutu ya ƙanƙance kamar ƙwan tururuwa,
sai da na kunna fitilar waya.
Takarda ashe albasa ce:
ɓawon farko ba ya sa hawaye.

Ciwon da ka taso da shi daga gida, ba ruwansu.
Tafiyar da aka yi don neman magani, ba ruwansu.
Ƙodar nan da ta hana shi azumi shekara biyu,
wadda saboda ita aka sayar da fadamar bakin rafi,
ita ce kaɗai ba a gayyata cikin takardar ba.

Baba ya yi shiru har akuya ta gama tauna igiya.
"Wato sun ɗauki jakata sun bar mini cikina."

Na ci gaba, na tsallake wani layi.
Ya ce, "Kin haɗiye wani abu. Tofo shi."
Mai auna albasa da ido ba a rage masa mudu.
Na karanta da muryar da ba tawa ba:
in ta Allah ta kasance a can, su za su maido shi gida.

"Af," in ji shi, "gawa ta fi mai rai gata."
Ya yi dariya shi kaɗai. Ni ban taya shi ba.

Da aka kira magariba bai tashi nan take ba.
Ya ce in kawo biro, in raba bayan takardar gida uku:
nasu, namu, da na Mai Sama.
Nasu ya cika layi huɗu.
Namu ya ci sauran albasar rudu, har da ta iri.
Na ukun ya ce in bar shi fari,
ba a yi wa wannan lissafi.

Daren tafiya na rubuta lambar wayarsu a ƙyalle,
na ɗinke ta a cikin hularsa,
don na san Baba yana iya mance fasfo,
amma bai taɓa fita kai ba hula ba.

Yau kwana goma sha ɗaya.
Ya kira jiya, muryarsa sirit,
yana tambaya ko buhu ya kai nawa a kasuwa.