Ni da Toka Muna Kan Doka

Ladidi ta koma makaranta Funtuwa,
ta bar mini zomaye uku amana:
Toka, da Wake, da 'yar autar da ba ta da suna.
Na ce, "Tafi abinki.
Ni da na riƙe gida shekara arba'in da keken ɗinki,
zomo ne zai gagare ni?"

Ashe zai gagara.

Abin da na sani na ƙauna shi ne cika kwano.
In na karya da ƙosai, in gutsura wa Toka.
Ɗumamen tuwo, ɓawon burodi,
ran Juma'a har da guntun alkaki.
Tana karɓa tana motsa hanci,
ni kuwa ina ta washe baki,
wai ta san mai gida.

Kwana tara, ta daina zuwa bakin keji.
Ta lafe a lungu, kunnuwa a kwance,
ciki ya ɗaure tamau kamar fatar kalangu.
Kashin nan da nake sharewa da safe,
ƙwaya-ƙwaya kamar busasshiyar magarya,
ya ɗauke ɗif.
Ban taɓa zaton zan yi kewar kashin zomo ba.

Na sa ta a kwandon albasa,
na kai wa Sada, likitan dabbobi,
yaron da na ɗinka wa wandon makarantar firamare.
Ya latsa cikinta, ya ce, "Baba, me kake ba ta?"
Na lissafa masa tiryan-tiryan.
Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Ya ce, "Haƙorin zomo ba ya daina tsiro,
busasshiyar ciyawa ke rage masa tsawo.
Harawa ce tuwonsa, kada ta yanke dare da rana.
Ɗanyen ganye miya ne.
Karas kuwa alewa ce,
yanki kamar kan yatsa, shi ma ba kullum ba.
Ruwa mai kyau a kasko.
Alkakin, Baba, ko kai bai kamace ka ba."

Yanzu da an sallame asuba
ina gangarawa lambun Ƙofar Marusa.
Mani na ganina ya fara dariya,
ya san tambayar: "An yi wa wannan feshi?"
Ganyen dankali, ɗan zogale, kan karas mai gashi.
Ba na ba su da raɓa a jiki,
sai na baza a inuwar darbejiya ya sha iska.
Sabon ganye kuwa, ɗan kaɗan yau, in zuba ido gobe,
cikin zomo ba ya son ba-zata.

Daren da Toka ta ja silin harawa na farko
ina tsugune da tocila.
Ƙus-ƙus-ƙus.
Rabona da jin daɗin wani sauti haka
tun ƙarar kekena yana sabo.

Hinde ce ta fasa ƙwan, tana tankaɗe:
"Shekara uku likita na faɗa maka wannan magana
kan sukarin da ke jininka,
ka mai da shi mahaukaci.
Sai da zomanya ta kwanta ka ji?"
Na buɗe baki, ban sami abin sa wa a ciki ba.

To, ga mu nan.
Da hantsi ita da ganyenta, ni da kwaɗon zogalena,
muna kallon juna ta ramukan waya,
kowa na tauna abin da aka yanke masa.
Wake ya yi sheƙi. 'Yar auta ta sami suna,
Harawa nake ce mata, Ladidi ta yi haƙuri.

Jiya an kawo alkakin biki daga Rafindaɗi.
Na ɗauki ɗaya, na juya shi, na sansana.
Toka ta miƙe da ƙafa biyu, hanci na rawa.
Na ce, "A'a, 'yar nan. Ni ma a'a."
Na leƙa zaure na kira yaron maƙwabta.