Kanal Na Uku

Gabas da Auyo, a bayan ƙauyenmu,
akwai kanal ɗin da ya daina kai ruwa.
Kacalla ta shaƙe masa wuya,
siminti ya tsage, cinnaku sun yi gari a ciki.
Amma in la'asar ta yi sakaliya
Baba Cindo yakan hau tsatsar ƙofar ruwa
ya ɗora gurmi a cinya.

Yatsu shida ne a damansa.
Wanzami ya wasa aska ran suna, uwarsa ta hana.
Shi ya sa, in ji shi,
tsirkiya biyu ke yi masa magana uku.
Duman ya yi baƙi da gumin shekaru,
fatar guzan ta sha ɗinki,
tsirkiya ɗaya wayar birkin keke ce
tun da ta ainihin ta tsinke shekarar ambaliya.

Ba ya wasa mai kuɗi.
Waƙarsa sunaye ce zalla:
Jatau da diga ta fasa wa farce,
Barmo mai kwandon ƙasa, wanda sanƙo ya kama tun yana saurayi,
Tabawa mai fura da ta ba leburori bashi
har aiki ya tashi ba ta ga sisi ba,
da ɗan kwangilar nan mai gajeren wando
da ya auna gangare a karkace,
ruwa ya ƙi hawa gonar Mati shekara bakwai.
A nan kowa kan dara,
har jikokin Mati.

Sai ya sassauta hannu
ya kai mu ranar da ruwa ya zo.
Ya ce ba ruwa aka fara gani ba,
kumfa ce, da karmami, da warin takalmin roba
suna tafe gaba kamar 'yan share hanya.
Yara na tsere da shi a gaɓa.
Wata tsohuwa ta leƙa sama, ba ko gajimare,
ta tsoma buta, ta yi alwala,
ta ce yau rani ya ji kunya.
Bayan nan alkama, bayan nan tumatir
har jakuna suka gaji da ja.

Ni ban ga ko ɗaya ba.
Abin da na gada fegi biyu ne na albasa
da injin ban ruwa mai shan fetur kamar maye.
Rannan na ce, Baba,
wa kake yi wa kiɗa, rami ne fa busasshe.
Bai ɗago ba, yana ɗaure tsirkiya da haƙori.
Ya ce, ɗan nan,
ko tsohuwar rijiya ai ba a zuba mata shara.
Wanda ya shayar da ubanka
ka bar shi ya ji sunansa.

Jiya na tsugunna a bakin kwamina,
tiyo na aman ruwa, inji na ta ɓaɓatu,
sai iska ta juyo daga yamma
ɗauke da ɗan guntun amo, siriri,
daidai inda Tabawa ke ƙirga bashinta.
Saura kwami huɗu ban shayar ba,
ga fetur na ƙarewa, ga rana na faɗuwa.

Na kashe injin.
Albasa ta jira.