Hular Haƙorin Mai Busa

Shekara goma sha tara ke nan, a wani biki bayan garin Vranje,
kawun ango ya sha ya yi tatil,
ya zo zai cusa mini liƙi a bakin ƙaho,
ya turo da irin ƙarfin da ake tura motar da ta mace.
Na ji ƙas.
Na tofa rabin haƙorin gaba a tafin hannu,
na jefa aljihu, na ƙarasa busar,
don amarya na tsakiyar fili, kuma ba a yanke wa amarya rawa.

Likita Velimir, mai gashin bakin da taba ta rine,
ya fere abin da ya saura kamar mai fiƙe fensir,
ya yi masa hula ta tangaran.
Ya jera launuka a gefen leɓena yana gwadawa,
ya tsallake farare, ya ɗauki mai kalar gahawa da madara.
Ya ce, "Dragutin, goma na yi maka alkawari.
Sha biyar, in ka daina buɗe kwalba da baki.
Abin da ya haura nan kyauta ce, kuma ba tawa ba."

Ban daina buɗe kwalba ba.

Ta tauna burodin Radojka mai taurin ɓawo.
Ta sha sanyin hunturu, ƙarfe kan leɓe, leɓe a kanta.
Ta raka amare ɗari uku, ko fiye, na bar ƙirga.
Ta busa a bayan gawar Velimir kansa.
Ranar Radojka kuwa ban busa ba,
cije baki na yi tun daga coci har kabari,
ita ta ɗauki cizon.

Bana sai ga wani baƙin zare a gindinta.
Ruwan sanyi ya gano hanya.
Jikana ya kau da fuska da na sunkuya zan sumbace shi.

Jasna ce a kujerar ubanta yanzu,
yarinyar da na sani tana lissafin makaranta a ɗakin jira.
Ta juyo mini da allon kwamfuta, ta nuna wata inuwa.
"Aikin Baba lafiyarsa ƙalau," in ji ta,
"ko tsaga babu.
Dasashi ne ya ja da baya, ruɓa ta samu ƙofa.
Hula ba ta tsufa ba. Kan ne ya motse."

Na yi dariya da baki a wangame,
abin ya fito kamar kukan kwaɗo.

Allura, sai leɓe ya zama na wani.
Injin ya yi ƙara, ƙurar tangaran a harshe,
ta tsaga abin da ubanta ya gina gida biyu,
ta tsaya ɗan jim kafin ta ajiye a faranti.
Ban ce komai ba. Da me zan ce?

Mako biyu da ta wucin gadi, na ƙi karɓar biki,
na zauna ina shan miya kamar jariri.

Sabuwar ta zauna daram, ta fi waccan santsi,
amma ta fi ta tsayi da kaurin gashi ɗaya,
kuma ƙaho ya san gashi ɗaya.
Sautin sama da nake kamawa ido rufe
yanzu sai ya zame, ya yi fito.
Ina da sittin da takwas, ina koyon bakina.

"Sha biyar," in ji Jasna, "in ka kula."
Na yi lissafin a matakala, ina saukowa,
na bar shi a hawa na biyu.

Tsohuwar na roƙa aka naɗe mini a auduga.
Tana cikin akwatin ƙaho, kusa da kwalbar mai,
ɓari biyu, kalar gahawa da madara.
Asabar akwai biki a Surdulica.
Na gaya wa yaran su tsaya tsakanina da kawun ango.