Ni Na Cike Fom Ɗin

Shekarar da aka kulle gari,
Kwari ta yi tsit, Singa ba mai ɗaga buhu,
ni ina da rabin ƙofa a Gwammaja,
kwamfuta biyu, janareto mai tari,
da takunkumi rataye a haɓa
don ɗan sanda, ba don cuta ba.

Sai aka ce an buɗe bashi
don waɗanda korona ta karya wa jari.
Kafin la'asar zance ya sake riga:
wai ba bashi ba ne, rabonmu ne,
kowa ya kai cokalinsa.

Alhaji Sabi'u ya zo ran Litinin,
ranar da ake sakin mu mu yo cefane.
Baƙar leda ya dire min a tebur,
na zaci dabinon buɗa-baki ne.
Katunan zaɓe ne, da lambobin banki
a rubuce a bayan takardar siminti.
Ya ce, "Dubu biyu kowane kai.
Ka ƙaga musu sana'a."

Na kuwa ƙaga.
Na bai wa makaho shagon ɗinki.
Na zuba kaji dubu uku
a wani kango da kwata ta ratsa a Kurna.
Wani dattijo da muka raka Ɗandolo
sati biyu kafin nan,
na tashe shi, na ba shi injin markaɗe
da ma'aikata huɗu.
Yatsana ko ɗaya bai yi rawa ba.

Da kuɗi suka sauko aka kasa uku:
kashin Alhaji, kashin wani a ofis
da ba mu taɓa jin ko tarinsa ba,
sai ɗan ƙanzo ga mai suna,
in an tuna da shi.
Sagiru ya sayi waya mai ido uku,
saura ya zuba a cacar ƙwallo.
Alhaji ya ɗaga bene a Rijiyar Zaki,
tayil har bayan katanga.

Malam Iro mai walda kuwa,
da yara bakwai ke ci a ƙarƙashinsa,
shi ya cike nasa da gaskiya.
Yana jira har aka buɗe gari.
Ya sayar da injin. Yanzu gadi yake.

Shekara biyar ke nan.
Jiya Atine mai awara ta shigo,
mayafinta na ƙanshin suya,
ta miƙo min waya ɗaure da roba.
Ta ce ta ɗauki adashi,
dubu tamanin da huɗu,
na cire yanar da ta rufe mata ido.
Ta zuba a asusu da hantsi,
kafin azahar an kwashe.
"Kai ka san na'ura, duba min."

Na duba.
Bashi rabin miliyan, da ruwansa.
Sunan kamfani: Gidan Kifin Atine.
Na tuna daren, ana sahur,
na tuna har dariya na yi
da sunan ya faɗo min.

Ita abin da ta gani a lokacin
dubu biyar ne da kwanon shinkafa.
Ta yi wa Alhaji addu'a har da hawaye.

"Kifi?" ta ce. "Ni da ko ƙarninsa ba na so?"

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne.
Nawa ya yi shekara biyar ina tafiya ciki a miƙe,
sai jiya na bugi bango,
bangon kuwa tsohuwa ce
mai ido ɗaya da rabi,
tana jiran in karanta mata.

Na buɗe baki.
Janareto ya yi tari, ya ɗauke.
Cikin duhun na ce,
"Inna, matsalar sabis ce. Ki dawo gobe."

Ta gode min.
Har ta ajiye min awara uku a takarda.
Suna nan kan tebur, sun sandare,
ga shi gari ya waye.