Ƙishirwa Ma Tana Da Lamba

Takardar tana manne a allon sashe,
ƙusa ɗaya ke riƙe da ita, ruwan jiya ya ci gefenta:
ana neman ɗalibi, shekara huɗu,
wanda zai zauna ya saurari yadda tsiro ke shan ruwa.
Na karanta sau uku. Na wuce.
Na dawo da biro.

Da na je Soba na faɗa wa Baba,
ya jingine fartanya, ya share gumi da hula.
"To, Tasalla, wannan daktan wane iri ne?
Yana allura?" Na ce a'a.
"Me yake dubawa?" Na ce ganye.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Shekara hamsin ina duban ganye,
ba wanda ya ba ni hula mai jela."

Yanzu ina Samaru.
Kafin kiran assalatu ina gonar gwaji,
tocila a baki, raɓa har gwiwa,
in yanko ganyen dawa, in sa a na'ura,
in matsa, in matsa, sai ya yi hawaye ɗigo ɗaya,
in rubuta.
Ashe ƙishirwa ma tana da lamba.

A ƙarƙashin madubin bincike
bayan ganye gari ne mai ƙofa dubu,
kowace ƙofa da masu gadi biyu.
Da hantsi su buɗe, a yi ciniki:
a ba da ruwa, a karɓi iska.
In rana ta take, ƙasa ta ƙi ba da bashi,
sai su ja ƙyaure,
garin ya yi azumi har la'asar.

Ba kullum ake kwana a gado ba.
An ɗauke wuta kwana shida,
abin da na tara tun shuka ya narke a firji.
Akuyar Malam Ɗantsoho ta cinye layi na bakwai,
ta tsaya tana kallona, tana tuƙa.
Kuɗin tallafi ya ce gobe, goben ta haifi wata uku.
Farfesa Magajiya ta dawo mini da babi na biyu,
jan biro ya yi masa kaca-kaca,
a ƙasa ta rubuta: kin faɗi me, ba ki faɗi don me ba.

Don me?
Kunya huɗu a kusurwar gabas sun ƙi bin lissafi.
Ruwa ya yi tafiya kwana goma sha tara,
duk gonar ta naɗe ganye,
su kuwa kore shar, kamar ba su ji labari ba.
Na zargi na'ura. Na zargi idona.

Baba ya zo ganin likitan ido a Shika,
ya biyo da buhun gyaɗa.
Na kai shi kusurwar. Bai dubi dawar ba,
sama ya duba.
"Ba ki ga gawo ba?
Da damina yakan tuɓe rigarsa ya shimfiɗa wa ƙasa,
ya bar wa na ƙasa da shi rana.
Dawar gindin gawo ba ta kwana da ƙishi."

Damina biyu na yi ina haƙa, ina aunawa,
kafin lambobina su iso inda ya tsaya da silifas.

Kafin ya tafi tasha na zaunar da shi gaban madubi.
Ya rufe ido ɗaya, mai ciwon.
Ya daɗe.
Da ya ɗago, muryarsa ta yi ƙasa:
"Ashe duk suna da baki.
Shekara hamsin,
ko ɗaya bai taɓa kai ƙarata ba."